Gyaran makewayi saboda yara da tsofaffi

A yawancin gidajenmu na Bauchi, makewayi ake ginawa a ƙarshe, da ragowar siminti, kuma mai ƙarfin gwiwa ake tunawa wajen ginin. Amma yaro mai tatata da tsohuwa mai ciwon ƙafa nan suke shiga kullum.

A fara da bokiti. Yaro ɗan shekara ɗaya zuwa biyu kansa ya yi wa jikinsa nauyi. In ya leƙa bokitin fenti mai lita 20 yana miƙa hannu ya taɓa ruwa, kai ne ke rinjayarsa, ya kife ciki ƙafafu a sama, bokitin kuwa ba ya tuntsurewa saboda nauyin ruwan. Ba ya kuka, don baki da hanci suna cikin ruwa, uwa tana tsakar gida ba ta ji komai ba. Ruwan da zurfinsa bai wuce santimita 5 ba ya isa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna yara 'yan shekara 1 zuwa 4 ne nutsewa ta fi yi wa ɓarna. Tara ruwa dole ne a inda ake jiran famfon madatsar ruwa ta Gubi ko 'yan garuwa, saboda haka a tara shi a jarka ko durom mai murfin da yaro ba zai iya ɗagawa ba. Bokiti da baho kuwa, da an gama a zubar da ruwan a kife su. A sa wa ƙofar makewayi sakata ta waje a tsayin mita ɗaya da rabi. In aka yi sallama kina wa yaro wanka, ki naɗo shi a zane ki fito da shi. Yayarsa 'yar shekara shida ba mai tsaro ba ce.

In an tsamo yaro ba ya numfashi, kada a riƙe shi ta ƙafafu ana zazzage ruwa. A kwantar da shi rigingine, a hura masa iska a baki sau 5, sannan a riƙa danna tsakiyar ƙirji sau 30 ana hura iska sau 2, wani kuma ya nemo abin hawa.

Ruwan zafi da hunturu yake ta'adi, da kuma gidan da ake wankan jego, inda tukunya ke tafasa safe da yamma ga yayan jaririn yana zagaye. Fatar yaro siririya ce, ruwa mai zafin digiri 60 yana ƙona ta cikin daƙiƙu kaɗan. Wajen surka ruwa, na sanyi ake fara zubawa sannan na zafi, a motsa, a gwada da gwiwar hannu. Tsoho mai ciwon sukari sau da yawa ƙafarsa ba ta jin zafi sosai, don haka wani ya surka masa. In ƙuna ta faru, ruwan sanyi za a yi ta kwarara wa wurin na minti 20, ba ƙanƙara ba, ba manja ko ɗanyen ƙwai ko man goge baki ba. Hitar da ake tsoma wa a bokiti kada a kunna ta cikin makewayi, kuma a zare ta daga soket kafin hannu ya taɓa ruwan. Kaskon gawayi ma kada ya shiga makewayi a rufe: iskar da yake fitarwa ba ta da wari, sai dai mutum ya ji jiri ya faɗi.

Hypo da Harpic ba a haɗa su, haɗin yana tayar da iska mai ƙona ido da huhu. A ajiye su sama, cikin robarsu ta asali, ba a robar lemo ba. Yaron da ya sha irinsu ko kananzir kada a sa shi amai, a ɗauki robar a tafi asibiti.

Bakin masai kada faɗinsa ya wuce santimita 25, ya kasance da murfi mai nauyi. Da damina, musamman a Agusta, a riƙa duba daɓen: tsagewa ko lotsawa alama ce ƙasa tana zaftarewa a ƙarƙashi.

Tsofaffi kuwa, sukan faɗi da asuba. Baba ya tashi daga barci zumbur, jini bai gama hawa kai ba, balle in yana shan maganin hawan jini, ga duhu, ga buta a hannu, ga ruwan sabulu da ya kwana a daɓe. Ya zauna bakin gado minti ɗaya kafin ya miƙe. A sa fitilar sola ko mai caji a hanyar makewayi da cikinsa. Tayil mai sheƙi na falo ne. Na makewayi a shafa shi da jiƙaƙƙen hannu a shago, a ɗauki mai kaushi. Daɓen siminti kada birkila ya goge shi sumul, ya ja tsintsiya a kai tun yana ɗanye, ya kuma ba shi gangare na kamar santimita 2 a kowace mita zuwa kwata. Gansakuka a kankare ta da buroshi duk mako. Silifas ɗin da ƙasansa ya suɗe a canza shi.

Abin da ya fi amfani shi ne wurin riƙo. Mai walda zai yanka bututun ƙarfe mai kaurin santimita 3 zuwa 4, a kafa shi a tsayin santimita 85 zuwa 90, ɗaya kusa da masai, ɗaya a wurin wanka. A binne ƙarshensa cikin bulo da siminti, domin ƙusa ba ta ɗaukar nauyin mutum, kan famfo da ƙarfen rataye tawul ma haka. Wanda tsuguno ke ba wahala a yi masa kujera mai huda, tsayin santimita 45, a ɗora kan masai, wanka da alwala kuma ya yi a zaune. Ƙyauren ya riƙa buɗewa waje, don mai buɗewa ciki, in mutum ya faɗi a bayansa ba a iya turawa. A roƙi Hajiya cikin ladabi ta daina sa sakata ta ciki; takalminta a ƙofa ya isa shaida.

In tsoho ya faɗi ya kasa takawa, ko aka ga ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, mai yiwuwa ƙashin ƙugu ne ya karye. Kada a miƙar da shi, kada a ja ƙafar, kada a fara da mai ɗori. A lulluɓe shi, a ɗauke shi a kwance zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko wani da ke ɗaukar hoton ƙashi. Wanda ya buga kai sannan ya fara amai, ko barci mai nauyi, ko magana a ruɗe, shi ma a kai shi a ranar, ko da ya ce ba komai.