Kurakuran da ke sa mutum ya yi ta motsa jiki amma bai ga canji ba

Abin da ya fi damuna da masu shiga jim shi ne sikeli. Mutum zai yi wata guda yana fama, ya hau sikeli ya ga kilo 85 ɗin nan tana nan daram, shikenan sai ya ce ai aikin banza ne ya watsar. Alhali tsoka ta fi kitse nauyi idan girmansu ɗaya, kana iya rage kitse ka ƙara tsoka sikeli bai motsa ba amma wandonka ya fara yi maka yawa. Ka samu tef irin na tela ka riƙa auna ƙugunka wajen cibiya, abin da ake so kar ya kai rabin tsayinka, wato mai tsayin santimita 170 ƙugunsa ya zama ƙasa da 85.

Sai masu ɗaura leda a ciki ko su saka rigar sanyi su fita gudu da rana wai don tumbi ya narke. Don Allah a daina, musamman a zafin watan Afrilu irin na Sakkwato ko Maiduguri, wannan neman faɗuwa ne. Gumi ruwa ne da gishiri, kana shan ruwa nauyin ya dawo. Kitsen da jiki ya ƙona mafi yawansa ta numfashi yake fita. Haka masu kwanciya suna tashi sau ɗari don teɓa ta tafi, tsokar cikin za ta yi ƙarfi kam amma jiki ba ya zaɓar kitsen wajen da ake motsawa, daga ko'ina yake ɗiba, kuma in dai ana shan lemon kwalba ana loda tuwo da daddare to teɓa na nan.

Inda nake so a tsaya sosai shi ne maganar jijiyoyin jini, don nan ne samari masu ɗaga ƙarfe suke tafka kuskure. Za ka ga yaro ya zuba siminti a gwangwanin fenti biyu ya soka ƙarfe a tsakiya, kullum ƙirji da damtse, yana kallon jijiyar da ta fito raɗa-raɗa a hannunsa yana murna, amma ka ce ya hau bene hawa uku sai haki. Wannan jijiyar da ake gani ta saman fata ce, ƙarancin kitse da jinin da ya taru lokacin atisaye ke fito da ita. Masu aikin gaske ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu, suna kewaye da zaren tsoka suna kai mata iskar oksijin da abinci. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, August Krogh, a kan binciken yadda waɗannan ƙananan hanyoyin suke buɗewa idan tsoka na aiki ya samu kyautar Nobel a 1920. Idan kana tafiya da sauri ko gudu ko tuƙa keke, jini yana gudu yana gogar bangon hanyoyin, tsokar kuma tana neman ƙarin iska, sai jiki ya saki wani sinadari da ake kira VEGF wanda ke sa sababbin rassa su tsiro, kuma wannan makonni yake ɗauka ana yi a kai a kai, ba gudun ranar Asabar kaɗai ba. In ka daina na tsawon lokaci kuma su ragu. Ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya a shawararta ta 2020 ta haɗa biyun, minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a sati, da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu.

Wani kuskuren kuma ɗaga nauyi ɗaya shekara da shekaru, jiki ya saba ba zai ƙara komai ba, sai ka riƙa ƙara nauyi ko yawan ɗagawa kaɗan-kaɗan. A makonnin farko ƙarfi ke fara zuwa kafin ƙwanji ya fito, kar ka karaya. Ciwon jikin da ke zuwa bayan kwana ɗaya ko biyu ba shi ne shaidar aiki ya yi kyau ba, kuma tsoka lokacin hutu da barci take ginuwa, ka ba wajen da ka wahalar kamar kwana biyu.

Abinci ba sai ka sayi garin furotin mai tsada ba. Mai son gina tsoka yana buƙatar wajen giram 1.6 na furotin a kowane kilo na nauyinsa a rana, ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6, ga wake ga awara ga kifi ga nono da ƙuli-ƙuli.

Amma sha-ka-fashe, wato maganin da ake sha don a yi ƙiba, wallahi ina roƙonku ku bari, maza da mata. Da yawa abin da ake sha ɗin wani magani ne mai suna dexamethasone, fuska ta kumbura ciki ya fito a ɗauka ƙiba ce ta lafiya, alhali tsokar hannu da cinya yake cinyewa, ga hawan jini ga suga. Wanda ya daɗe yana sha kar ya yanke lokaci ɗaya, akwai haɗari, ya je wajen likita a rage masa a hankali.