Yadda nake gwada idon Baba a gida

Baba ya haura shekara 70, a unguwar Bagalam ta Maraɗi yake zaune. Bara ya ce min, "Hadiza, layukan Alƙur'anina sun soma lanƙwashewa." Mun ɗauka yanar ido ce. Likita ya duba ya ce a'a, tsufa ne ya taɓa makula, ɗan wurin da ke can ƙuryar ido wanda da shi muke karatu da gane fuska. Shi ya sa yake ganin gefen tabarma sarai, amma fuskar jikansa sai duhu a tsakiya.

Ga gwajin da nake masa duk Juma'a. Ku samo takarda mai gida-gida irin ta 'yan lakkol, ku ɗiga baƙin ɗigo a tsakiyarta. Tsohon ya sa tabaraunsa na karatu, ya riƙe ta tazarar santimita 30, ya rufe ido guda da tafin hannu, ya ƙura wa ɗigon ido. Sannan ya sauya. Ɗaya-ɗaya dai, don lafiyayyen ido yana rufa wa ɗan'uwansa asiri.

In layi ya karkace ko wani gida ya ɓace, ku kai shi wurin likitan ido cikin satin. Nau'in ciwon da jijiyoyin jinin ido ke yoyo allura ake yi masa a ido, kuma jinkiri yana cin ganin da ba ya dawowa. In yana shan taba, ku lallashe shi ya bari.