Yadda ake tsara yinin tele na jama'a daga Damagaram

Jadawalin yini ba daga ƙarfe 6 na safe ake soma rubuta shi ba. Ana soma shi ne daga abubuwan da ba su motsi: lokutan salla, babban jurnal (labarai) na dare, da duk wani shiri da za a ɗauko kai tsaye. Su ake kafawa tukuna kamar turaku, sannan a ɗaura darasi, wasanni da nishaɗi a tsakaninsu.

Salla ce ta farko, kuma nan masu tsarawa suka fi tuntuɓe. Nijar duka agogo ɗaya take bi, amma rana ba ta faɗuwa lokaci ɗaya. Zinder tana gabas da Yamai da kusan digiri 7, kowane digiri kuwa minti 4 ne, don haka magariba tana riskar unguwannin Birni da Zango na Zinder kusan rabin awa kafin ta iso Yamai. A Diffa tazarar ta haura minti 40. Ita kanta magaribar Damagaram tafiya take: wajen ƙarfe 6 a watannin sanyi, dab da ƙarfe 7 a tsakiyar damina. Wanda ya kwafo jadawalin Disamba ya liƙa a Yuli zai sa shirinsa mafi tsada daidai lokacin da mutane suke alwala. A sabunta wannan sashe kowane wata, a azumi kuma kowane mako, a rubuta lokacin shan ruwa na kowace jiha daban a kan allo.

Turke na biyu jurnal ne. A Télé Sahel, telen ƙasa, na dare ƙarfe 8:30 yake shiga, kuma ba ya jiran kowa. Saboda haka lissafin sa'ar da ke gabansa da baya-baya ake yin sa. Misali: talla da sanarwa minti 2 da daƙiƙa 30, ke nan shirin da ke gabansu ya ƙare 8:27:30. In shirin na minti 26 ne, dole ya tashi 8:01:30. A saka sanarwar shirye-shiryen gobe ta minti 1 da rabi, an dawo 8:00:00 cif. Tsayin shirye-shirye a gidajen tele na yankinmu yawanci minti 13 ne, ko 26, ko 52, don a bar wa talla da mahaɗi wuri a cikin kwata, rabin awa da awa.

Abu biyu ke rushe wannan lissafi. Na ɗaya, yarda da abin da aka rubuta a jikin fayil. An rubuta 26, a buɗe a tarar 27:40 ne, domin mai haɗawa bai ƙirga waƙar buɗewa da jerin sunayen ƙarshe ba. A buɗe kowane fayil a duba tsayinsa tun jajibiri, a rubuta minti da daƙiƙa, tare da kalmomin ƙarshe da za a ji, don mai sarrafa na'ura ya san inda zai yanke. Na biyu, tara lokaci da kalkuleta. Sashe mai 13:40 da mai 12:50 za ta ba ka 25.90, ka ɗauka kana ƙasa da 26, alhali 26:30 ne. Daƙiƙa 60 ke yin minti, ba 100 ba, kuma rabin mintin nan daga kan jurnal zai fita.

Sai ilimi, wanda a ganinmu shi ne dalilin wanzuwar gidan. Telen Nijar da darasi ta soma a 1964, ana koyar da ƴan firamare ta akwati, malami a aji yana ci gaba daga inda darasin ya tsaya. Har yau wannan dabara ce ke aiki: darasi gajere, abu guda a cikinsa, sannan a bar wa yaro aikin yi. Minti 13 sun isa ga ƴan firamare. Ga masu shirin jarrabawar BEPC da BAC ta ƴan sakandare a ba su 26, a raba uku: bayani, misali biyu da aka warware a hankali, da tambaya guda wadda amsarta sai gobe. Rubutun allo ya zama manya, layi biyar ko ƙasa da haka, domin da yawa a ƙaramar tele ko a waya suke kallo. Kada a ɗauke kamara daga lissafi kafin a karanta shi da ƙarfi sau biyu.

Kuskuren da aka saba shi ne sa darasin yara ƙarfe 10 na safe ranar Talata, lokacin da yaran suna lakkol. Wannan sa'a ta matan gida ce da tsofaffi da masu shago: lafiyar uwa da jariri, rigakafi, yaƙi da jahilci, ajiyar hatsi. Darasin ƴan makaranta ya koma bayan la'asar, a maimaita shi Asabar da Lahadi da safe. Almajiran allo kuwa Alhamis da Juma'a suke hutu, nan ne wurin shirinsu. Alhamis ɗin dai ita ce babbar ranar kasuwa a Zinder, don haka farashin gero, wake da dabbobi a ɗauko shi da rana a watsa da dare. Shirin noma da damina ba ya da amfani da hantsi, manomin Mirya ko Matamaye yana gona. Bayan isha'i yake zaune. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa, amma jihar nan akwai Barebari, Fulani, Buzaye da Tubawa. A ba labaran kowane harshe sa'a tsayayya wadda ba a canzawa, don makiyayin Gure ko Tanut ba zai zauna yana jiran sa'a ba.

Wasanni su ne masu cinye lokacin wasu. Ƙwallo minti 45 sau biyu ne da hutun 15, wato 105, ga ƙarin lokacin alƙali, don haka a ware awa 2 cikakku. In wasan kofi ne da dole sai an sami gwani, a ƙara minti 30 na ƙarin lokaci da kusan 15 na bugun fenariti. A rubuta jadawali biyu tun da wuri, ɗaya in an tashi a 90, ɗaya in an zarce, a kuma yanke tun safe wane shiri ne zai faɗi. Kada ya zama darasi ne kullum, domin ɗan BEPC da aka ɗauke wa darasi sau uku ba ya dawowa. A sadaukar da maimaici ko waƙoƙi. Wasannin Turai kuma a lura da canjin agogonsu na ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba: ƙarfe 3 na Ingila ƙarfe 4 ne a nan lokacin sanyi, amma ƙarfe 3 ne daga Afrilu zuwa Oktoba.

Kokowa ta fi ƙwallo wuyar tsarawa. Gasar takobin ƙasa, wadda aka soma a Tawa a 1975, tana tara ƴan kokowa 80, goma daga kowace jiha cikin takwas. Karawa ɗaya tana iya ƙarewa cikin daƙiƙa 10, wata kuma a yi ta zagaye ana taɓa kai har alƙali ya gaji da gargaɗi. A tanadi gajerun abubuwa na daƙiƙa 30, minti 1, 3 da 5: tarihin ɗan wasa, kirari, kayen jiya, hira da makaɗa. A fili irin na Langa-Langa, filin kokowar Zinder, babbar kamara ta ba wa yamma baya, in ba haka ba rana mai faɗuwa za ta mayar da ƴan kokowa inuwa. A sa wata ƙasa-ƙasa don ganin gwiwa da hannu sun taɓa yashi, nan gardama take tashi. Makirfon mai sharhi a nesanta shi da ganguna, kuma a riƙa share gilashin kamara a kowane hutu saboda ƙurar hunturu.

Bayan jurnal gida ya taru, nan ne wurin wasan kwaikwayo, fagen da Damagaram ta daɗe da suna a kansa. Minti 52 sau ɗaya ko biyu a mako, rana tsayayya, kuma a kalle shi daga farko zuwa ƙarshe kafin a watsa, tunda kaka da jika tare suke zaune. Fim ko waƙar da ba a da takardar izinin mai ita kada a sa. A daidaita ƙarfin sauti, domin talla takan shigo da ƙara fiye da shiri.

Da bazara, Afrilu da Mayu, ɗaukewar kuran ta fi yawa. Na'urar watsawa da kwamfutar jadawali su kasance a kan batirin tsaro mai riƙe aƙalla minti 10, a gwada gurup, wato injin wuta, kowace safiya, a duba mai da ruwansa. Da damina hadari mai ƙarfi yana yanke hoton tauraron ɗan'adam na ƴan mintoci, don haka duk lokacin da ake kai tsaye a ajiye shirin minti 26 a na'ura ta biyu, an riga an ɗora shi. Kafin a rufe, mai gadin jadawali ya rubuta ainihin lokacin da kowane shiri ya tashi kusa da wanda aka tsara. Inda tazarar ta wuce minti 1, a rubuta dalili, a miƙa wa mai tsara na gobe.