Yadda zaka nemi sulhu da ɗan'uwanka kana nan Saudiyya shi yana gida

Shekara uku da wata biyar ban yi magana da yayana ba, uwa ɗaya uba ɗaya. Ina nan Jidda ina aikin nas, shi yana gida can wajen Kafanchan, kuma abinda ya haɗa mu shine abinda ke haɗa yawancinmu masu aiki a ƙasar nan da mutanen gida, wato kuɗin gini. Na yi ta tura riyal wata bayan wata don a ɗaga mini ɗaki uku a filin da Baba ya bani, da na samu hutu na je sai na tarar bulo bai wuce taga ba, ciyawa har ta fito a inda nace za'a yi falo. Na faɗa masa magana mai zafi a gaban matarsa da yaransa, na dawo Jidda na yi bulokin lambarsa. Yanzu mun shirya, godiya ga Ubangiji, shi yasa nake so in rubuta yadda ake bi, don ko a cikin 'yan zumuntarmu da muke haɗuwa a ɗaki ranar Juma'a mu yi addu'a (kun san nan babu ginin coci, Lahadi kuma ranar aiki ce) na san akwai mutum uku huɗu da suke ɗauke da irin wannan kayan a zuciya.

Kafin ka taɓa waya, fara da kanka. Mu da muke turo kuɗi akwai wani girman kai da yake shiga mana a hankali ba mu sani ba, sai kaji mutum yana cewa ni nake ciyar da gidan nan, ni na biya kuɗin makarantar yaransa, ni na sayi maganin Mama, toh don me ni zan fara kira. Ni ma haka nake faɗa, kuma duk gaskiya ne na yi waɗannan abubuwan. Amma ka buɗe Luka 15 ka bar ƙaramin ɗan da ya lalatar da dukiya tukuna, ka dubi babban, wanda bai taɓa barin gona ba, shi ne ya tsaya a waje yana lissafa shekarun da ya yi yana wahala, har bakinsa ya kasa cewa ƙanena sai yace wa uban "ɗan nan naka". Ranar da na gane cewa ni ma na daina cewa Yaya, sai dai ince "mutumin nan" in ina waya da Mama, a ɗakin canza kaya na asibiti na zauna na yi kuka. Ka samu takarda ka rubuta abinda shi ya yi maka a gefe ɗaya, abinda kai ka yi masa a ɗaya gefen, ko da naka layi ɗaya ne nasa goma. Wannan layi ɗayan shi kaɗai zaka ɗauka ka je da shi. Nawa shine na kunyata yayana a gaban iyalinsa.

Kuma maganar wa zai fara, Yesu bai bar mana ƙofar fita ba ko kaɗan. A Matiyu 5:23-24 yace in ka kawo baikonka gaban bagade sai ka tuna ɗan'uwanka yana riƙe da kai a zuciya, ka ajiye baikon a nan ka je ku shirya tukuna. A Matiyu 18:15 kuma yace in ɗan'uwanka ne ya yi maka laifi, ka je ka same shi ku biyu kaɗai. Kaga kenan ko kai ka yi laifin ko kai aka yi wa, ƙafarka ce zata tashi. Na daɗe ina neman ayar da zata ce in zauna in jira shi, ban samu ba. Filibiyawa 2 ma cewa take Almasihu da yake daidai da Allah ya ƙasƙantar da kansa ya ɗauki surar bawa har mutuwa a kan gicciye, toh ni wacece da ikama (katin izinin zama a Saudiyya) da ɗan albashina zan ce na fi ƙarfin in ce yi haƙuri. Bahaushe ma ya san durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Sai kuma ka rufe famfon da kake zubar da maganar. Guruf ɗin iyali na WhatsApp, sitatus da kake sa ayar Zabura game da maƙiya alhali kowa a dangi ya san da wa kake, kiran gwaggo kana bata labarin daga farko karo na ashirin, duk ka daina. Ka cire bulok ɗin. Iyaye tsofaffi kuma a tausaya musu, Mama ta faɗa mini daga baya cewa duk ranar da ta ga kirana gabanta faɗuwa yake don ta san zancen da zan kawo.

Yanzu kiran kansa. Kada ka fara da alat. Wannan nake so in tsaya a kai sosai don shine kuskuren da mu 'yan waje muka fi yi, mutum ya tura dubu ɗari ba tare da kalma ko ɗaya ba yace ai ya gane saƙon. Ɗan'uwanka zai ga kuɗin ne kamar kana sake nuna masa wanda yake sama. Wani zai ce ai Yakubu ma kyauta ya aika wa Isuwa, eh ya aika, Farawa 32 ta lissafa su, awaki 220, tumaki da raguna 220, raƙuma masu shayarwa 30 da 'ya'yansu, shanu 40 da bijimai 10, jakuna 30, bayan shekara 20 da ya yi a gidan Laban. Amma ka karanta gaba, a sura 33 da ya hango Isuwa da mutum 400, shi da kansa ya wuce gaban matansa da yaransa ya rusuna har ƙasa sau bakwai kafin ya kai wurin wansa, yana kiran kansa bawa. Isuwa ma da farko cewa ya yi yana da isasshe, Yakubu ya riƙe kayansa. Gudun da Isuwa ya yi ya rungume shi suka yi kuka, bayan rusunawar ne ya zo.

Ka lura da lokaci, nan muna gaban Najeriya da awa 2, kuma kada ka kira bayan ka sauko daga dutin dare ko kafil ɗinka, wato ubangidan da ya ɗauke ka aiki, ya ɓata maka rai, muryarka zata fita da wuta ko baka so. Ni saƙon murya na fara aikawa, gajere, don rubutu ba ya ɗaukar rawar murya kuma mutum yana iya karanta shi da irin fushin da yake ciki. Abinda nace kusan haka ne: "Yaya, ina kwana, ya Anti da yara. Ni ce ƙanwarka. Maganar da na faɗa maka a gaban iyalinka ban kyauta ba, na raina ka, ka yafe mini saboda Allah. In ka bani lokaci ina so in kira ka." Shikenan. Sau shida na ɗauka ina gogewa saboda kowane karo sai "amma" ta kutso, amma kai ma ka san abinda ka yi, amma kuɗina ne. Duk ban haƙurin da aka jona masa amma, shari'a ce aka sake buɗewa. Haka nan kada kace "in na ɓata maka rai", ka san ka ɓata, ka kira laifin da sunansa.

Daga nan sai jira, kuma jiran da zafi. Kwana tara yayana ya yi, ina ganin ya saurara amma shiru. Karin Magana 18:19 tace ɗan'uwan da aka ɓata wa rai ya fi birni mai garu wuyar shiga, don haka kada ka bi shi da saƙo na biyu kana cewa na yi nawa saura naka. Ka yi masa addu'a da sunansa, addu'ar alheri ta gaske, gonarsa, lafiyarsa, yaransa.

In ya ɗauka, aikinka saurare ne. Ka cika data, ka zauna inda ba za'a kira ka ba, ka bar shi ya juye duka ko da rabin abinda yake faɗa kana ganin ba haka akai ba. A kiran nan ne na ji abinda ban taɓa tambaya ba. Kashi babba na kuɗin a jinyar Baba ya tafi lokacin da aka kwantar da shi a Jos, Baba ne ya hana a faɗa mini wai kada hankalina ya tashi a ƙasar mutane. Sauran kuma, wannan laifinsa ne kuma ya amsa da bakinsa, ya zuba a noman citta da niyyar ya mayar in ya sayar. Sannan a daminar 2023 da cutar nan ta cinye citta a kudancin Kaduna ya rasa komai, har ya cire yaro ɗaya daga makaranta, ni ina nan ban sani ba saboda na toshe shi. Da yana faɗa sai da muryarsa ta sarƙe, mutumin da ya goya ni zuwa firamare.

In kuwa ya ƙi sam, Matiyu 18:16 tace ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu. Ka zaɓi wanda shi yake jin nauyinsa, kawu ko baffa ko wani dattijon ikilisiya da ya san ku tun kuna yara. Kada ka ɗauki wanda kake tura wa kuɗi duk Kirsimeti ko da fasto ne, don ɗan'uwanka zai ce an saye shi, kuma ba lallai ya yi ƙarya ba.

Maganar kuɗin fa dole a yi ta, kada a binne da sunan mun yafe. Bayan zuciya ta sauka, a wani kiran daban, ku zauna da lissafi. In kai ne ka ci na wani ka biya, Zakka mai karɓar haraji a Yariko ninki huɗu yace zai mayar, a Luka 19. In kai ake bi kuma ka ga zaka iya bari, ka faɗa a gaban shaida cewa ka bari, sannan kada ka sake tono shi ranar da wani faɗan ya tashi. Mu abinda muka yi, na jinyar Baba nace ai ubanmu ne duka babu bashi a nan, na citta kuma shi yace ba zai samu kwanciyar rai ba sai ya biya da aikin hannunsa, toh shi yake tsaya wa magina yanzu, kuɗin siminti kuma kai tsaye nake tura wa mai shago ana turo mini hoton rasit. Yafewa bata hana a gyara tsari ba. Kuma bari in faɗa a fili, in akwai duka ko barazana ga rai a cikin zancen, musamman ke 'yar'uwa da miji ko wani a dangi yake cutar da ke, ki yafe daga inda kike da tsaro, ki sa manya a ciki. Romawa 12:18 cewa tayi in mai yiwuwa ne, iyakar abinda yake hannunku. Yakubu kansa bayan rungumar bai bi Isuwa zuwa Seyir ba, Sukkot ya nufa.

Abu na ƙarshe da waya ba zata yi maka ba shine fuska. Sarki Dauda ya yarda ɗansa Absalom ya dawo Urushalima amma shekara 2 cur bai bari ya ga fuskarsa ba, 2 Sama'ila 14 ce, kuma mun san yadda gidan ya ƙare. Akwai wata tsohuwa Bahaushiya, Musulma, haifaffiyar nan da aka kwantar a ɓangarenmu, Hausarta duk ta gauraye da Larabci, ina sa mata ruwa take tambayata mutanen gida, da na ɗan taɓa mata labarin sai ta kama hannuna da hannun da ba allura tace "'yata, zumunta a ƙafa take, in kin samu hutu gidansa zaki fara sauka." Haka na yi. Da bizar fita da dawowa ta fito na sauka Kano na kama hanyar gida, ban buɗe jakar tsaraba ba, ban ma je ganin ginin ba, na wuce gidansa. Na tarar da shi a kan benci yana gyara fartanya, matarsa tana tankaɗe a gefe, yaran nan da suka ji abinda na faɗa wa ubansu suna tsaye. A gabansu na yi laifin, don haka a gabansu na durƙusa na sake faɗa. Ya ajiye fartanyar ya ɗaga ni yana cewa tashi mana, tashi, ƙasa da datti, sannan ya juya yace wa babbar 'yarsa ta kama zakaran nan ja.