Rage sitaci ko rage mai: yadda za ka zaɓa idan suganka ya fara hawa

Idan awon HbA1c, wato awon jini da ke nuna matsakaicin suganka na 'yan watannin baya, ya nuna maka tsakanin 5.7 da 6.4, ko kuma sugan safe kafin ka sa komai a baki ya tsaya tsakanin 100 da 125, ciwon suga bai kama ka ba tukuna, amma kana bakin ƙofarsa. Nawa 6.1 ya nuna. Masu ba ni shawara kuwa sun kasu gida biyu, wasu suna cewa in rabu da shinkafa da burodi, wasu suna cewa mai ne ke ja min ƙiba, kowa da rantsuwarsa.

Kafin ka bi wani ɓangare, ka san cewa an riga an gwada su. A 2018 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun raba mutum 609 gida biyu, rabi suka rage sitaci da suga, rabi suka rage mai, har shekara guda. Masu rage sitaci sun zubar da kilo 6 a matsakaici, masu rage mai kilo 5.3. Wannan tazarar ba ta kai a yi musu a kanta ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, a kowane gida akwai wanda ya rame sosai, akwai kuma wanda ƙiba ma ya ƙara. Sannan duka an ce musu su yawaita ganye, su guji suga da farar fulawa.

Saboda haka ni shawarata, kada ka fara da hana kanka komai. Ka ɗauki mako guda kana rubuta duk abin da ya shiga cikinka, har da suga cokali nawa ka zuba a shayi, da lemon kwalbar da ka sha a tsaye ba ka lissafa shi abinci ba. Takardar nan ce za ta nuna maka hanya. Tawa lemo da farin burodi suka cika ta, soye-soye kaɗan ne, don haka sitaci na rage.

Idan taka ma haka take, fara da abin sha mai zaƙi, shi ne ke ɗaga suga da sauri kuma ba ya ƙosarwa. Bayan nan ka gyara faranti: rabi ganye da kayan lambu, kwata kifi ko ƙwai ko nama ko wake, kwatan da ya rage shinkafa ko dankali. Abin da likitoci ke kira ƙarancin sitaci shi ne ƙasa da giram 130 a rana. Tsarin keto yana sauka ƙasa da 50, kuma a ganina yawancin mutane ba sa buƙatar wannan tsanani, ba sa ma iya ɗorewa a kai. A makonnin farko sikeli zai faranta maka rai, amma kada ka ruɗu, yawancin nauyin da ya sauka ruwa ne, domin sugan da hanta da tsoka ke ajiyewa yana riƙe da ruwa ninkinsa kusan uku. Kuma rage sitaci ba izinin cika ciki da kitse da bota ba ne. Wasu mummunan kolastarol ɗinsu, wato LDL, yakan hau, don haka a riƙa auna shi.

Wanda kuwa takardarsa ta cika da soye-soye, rage mai zai fi masa sauƙi. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci 4. A auna mai da cokali maimakon tsiyayawa daga kwalba, a gasa ko a dafa a madadin suya. Tarkonsa ɗaya: yunwa ta sa ka cike gurbin da biskit da farin burodi, suga ya ci gaba da hawa. Cike shi da wake da hatsin da ba a surfe ba. Kada kuma wani ya raina maka wannan hanyar. Babban binciken rigakafin ciwon suga na Amurka da aka fitar a 2002 da ita ya yi aiki, tare da motsa jiki na minti 150 a mako da burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyi, kuma haɗarin kamuwa ya ragu da kashi 58. Mai kilo 90 kenan kilo 6 da ɗoriya ake nema a wurinsa.

Mai juna biyu, da mai ciwon ƙoda, da duk mai shan maganin da ke sauke suga ko allurar insulin, kada ya rage sitaci sai ya ga likitansa, don ga mai shan magani ko allura suga na iya faɗuwa ƙasa warwas.

Duk wadda ka ɗauka, ba ta wata uku kafin ka sake awon HbA1c, tunda matsakaicin sugan wata biyu zuwa uku yake nunawa. Ka haɗa da auna ƙugu da tef. Idan lambar ba ta motsa ba, ko yunwa ta hana ka sakat, koma ɗaya hanyar, ka kuma tambayi likita ko lokacin metformin, wato maganin sauke suga, ya yi.