Yadda nake awon ƙarfin ampli kilas D a shagona

Wata Alhamis cikin zafin Afrilu, wani dattijo daga kwamitin masallacin unguwarmu ya shigo shagona a bayan Kasuwar Dole, riƙe da ɗan allon ampli, wato na'urar ƙara ƙarfin murya, cikin leda, girmansa bai wuce tafin hannu ba. Ɗansa ne ya aiko masa da shi. Ya ce, "Malam, an ce wat 200 yake bayarwa. Muna da batir guda da panno, a ɗaura mana kafin Juma'a." Na ce, "Alhaji, ga kujera, zauna. Bari mu auna shi a gabanka."

Na cire ƙarfen da ke shan zafi na karanta lambar aisin, wato ɗan guntun da ke gudanar da aikin allon: TPA3116D2, na kamfanin Texas Instruments. Aisi ne mai kyau, ina son aiki da shi. Abin da kamfanin ya rubuta shi ne wat 50 a kowane ɓangare, hagu da dama, kan lasifika mai om 4, idan an ba shi bolt 21, kuma yana aiki daga bolt 4.5 zuwa 26. Aisin na kilas D ne, irin amplin da ke kunna transistocinsa yana kashewa kamar sau 400,000 a daƙiƙa guda, sai bobin (naɗaɗɗiyar waya) da kondansa (ƴar ma'ajiyar wuta) da ke bakin fita su tace wannan, murya ta rage. Shi ya sa ba ya ɓarnar wuta: kusan kashi 90 cikin 100 na abin da ya ci yana isa lasifika, alhali tsohon kilas AB ko a takarda ba ya wuce kashi 78.5, a aikace kuwa yana ƙasa da haka sosai. Ga mu da ke dogaro da batir duk sanda aka ɗauke kuran, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kafin ka taɓa mita, ɗauki biro. Raba bolt ɗin da za ka ba allon da 1.41, ka ninka abin da ya fito da kansa, ka raba da om ɗin lasifika. Batir mai bolt 12 zai ba ka 8.5, ninkinsa 72, a raba da 4, wat 18 ke nan. Wannan shi ne rufin ɗaki, babu dabarar da za ta sa allon ya wuce shi da murya mai tsabta. Da cajar kwamfuta mai bolt 19, rufin ya tashi zuwa wat 45. Na rubuta wa Alhaji lissafin a bayan kwali, ya daɗe yana kallonsa.

Kayan awon ba su da yawa. Rezistans biyu masu rigar alminiyom, waɗanda za su sha wutar a madadin lasifika, kowace om 8 wat 100. Ɗaya ita kaɗai om 8 ce, ka haɗa su kai da kai su zama om 4. Nawa na ɗaure su da kusa a kan murfin tsohuwar tukunyar alminiyom, ina ɗora shi kan kwanon ruwa don suna zafi ƙwarai. Kada ka yi awon da lasifika. Om ɗin lasifika yana sauyawa da sautin da aka ba shi, ga shi sauti guda mai tsawo yana ƙona shi, ga maƙwabta da za ka hana sakat. Sai mita biyu in da hali, da salula mai manhajar fitar da sauti guda tsantsa.

Masu gwaji a manyan ɗakunan awo suna amfani da sauti mai herz 1,000, wato mai kaɗawa sau 1,000 a daƙiƙa. Ni ina sa herz 100, saboda ƙananan mitocin da muke saya a kasuwa an yi su ne don kuran mai herz 50, da an yi sama sosai sai su fara ba da lamba ƙasa da gaskiya. Tsakanin rezistans ɗin da mitar kuma ina sa ƴar matata: rezistans om 1,000 a jere, da kondansa nano 4.7 a gicciye. Tana yanke abin da ya haura herz 34,000, don kada sauran kaɗawar aisin ya shiga lissafin mitar.

Ga wurin da nake so ka tsaya da kyau. A irin wannan allo, babu ko ɗaya cikin wayoyi biyu na lasifika da yake mas, wato wayar ƙasa mai bolt sifiri. Baƙar wayar ma wuta take ɗauke da ita, duka biyun suna kaɗawa, ɗaya na hawa ɗaya na sauka. Shekarun baya na maƙala ƙafar mas ta osiloskof, na'urar da ke nuna siffar igiyar wuta, a kan baƙar wayar, kamar yadda na saba yi wa tsofaffin ampli. Ƙara ɗaya na ji da ƙauri, allon mai kaya ya tafi, da kuɗina na biya. Har yau duk yaron da ya zo koyon aiki wurina, wannan nake fara nuna masa. Mitar hannu mai batir ba ta da wannan matsala. In osiloskof ɗinka na kuran ne, yi amfani da bakuna biyu ka sa shi ya cire ɗaya daga ɗaya, ka bar ƙafafun mas a kan mas na allon. Kada kuma ka haɗa baƙaƙen wayoyin hagu da dama wuri guda, kada ka tura sauti babu komai a bakin fita.

To, ka haɗa komai, sai ka fara ƙara murya sannu a hankali kana kallon mita a kan AC. Abin nema shi ne wurin da sautin ke fara fashewa. Mai osiloskof zai ga kan igiyar ya daina zagaye ya shafe. Wanda ba shi da shi, ya ɗauko ƙaramin lasifikan rediyo, ya jera masa rezistans om 220, ya haɗa a gefen manyan. Sautin zai fito a hankali, sumul, har zuwa inda za ka ji wani zizar kamar na ƙuda ya hau kansa. Koma baya kaɗan har zizar ya ɓace, ka rubuta bolt ɗin. Ninka shi da kansa, raba da om. Lambobin da ake bugawa a kwali galibi a wurin da muryar ta riga ta lalace da kashi 10 cikin 100 aka ɗauke su, ni kuwa ba zan ɗaura wa liman muryar da ke zizar ba.

A kan batir ɗin Alhaji mitar ta tsaya a bolt 8 kan om 4. Wat 16. Na sauya zuwa bolt 24 da om 8, ta nuna 16, wato wat 32, mita ta biyu kuma ta nuna allon yana jan amper 1.5. Bolt 24 sau 1.5 wat 36 ne ke shiga, 32 ke fita, kusan kashi 89. Allon lafiyarsa ƙalau, rubutun kwalin ne ya yi ƙari. A riƙa auna bolt ɗin shiga a bakin allon lokacin da yake aiki, don sirirriyar waya ko gajiyayyen batir sukan cinye bolt guda ba ka sani ba.

Saura zafi, wanda mu a Damagaram ba ma wasa da shi. Ina barin allon rabin awa a kan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa, da rana tsaka, cikin akwatin da zai zauna. Aisin yana kashe kansa in ya kai digiri 150, amma bobin marasa kyau sukan riga shi gasuwa. In yatsanka bai iya daƙiƙa uku a kansu ba, buɗe wa akwatin iska ko ka sa fanka. Daga nan in kashe sautin in kara kunne a lasifika don jin shuu, in kuma kawo rediyo mai gajeren zango kusa da wayoyin. In ta fara hayaniya, sai a murɗe wayoyin lasifika biyu tare a rage tsawonsu.

Alhaji ya ce, "To mu ƙara batir mu jera su biyu mana." Na ce a'a. Batir biyu a kan caji suna kaiwa bolt 28.8, sun wuce 26 na aisin, ga kondansocin allon nasa bolt 25 aka rubuta a jikinsu. Sai na sa masa ƙaramin allo mai ɗaga wuta, na tsayar da shi a bolt 21, da fiyus amper 10 kusa da batir. Na sake aunawa, bolt 13.5 kan om 4, wat 45 mai tsabta. Lasifikan hasumiyarsu huɗu ne, kowane om 16, a haɗe kai da kai om 4 cif. Muka ɗaura bayan la'asar, ladan ya gwada da kiran magariba, ni ina tsaye a bakin titi ina saurare, yarona kuma yana ciki da yatsa a kan bobin.