Kafin ka sayi sabon lens

'Yan uwa masu ɗaukar hoto don sha'awa, idan lens (gilashin gaban kyamara) na 18-55mm ɗin da ya zo da kyamara ya fara gundurar ku, kada ku yi wa dogon zum (lens mai janyo abin da ke nesa) gaggawa. Ku fara da 50mm f/1.8. Yana da araha, yana shigar da haske sosai ko da magariba, kuma yana dishe abin da ke bayan mutum, fuska ta fito raɗau.

Amma fa a kyamara mai ƙaramin sensa (ɓangaren ciki da ke kama hoton) irin Nikon D3500, ganinsa kamar 75mm ne, wato yana ƙara matso da abu kusa, cikin ɗaki sai ka ja da baya har bango. Nan 35mm ya fi dacewa.

Idan na hannu za ku saya, ku haska tocilan waya cikin gilashin. 'Yar ƙura ba komai, amma in kun ga zare-zare kamar saƙar gizo, fumfuna ce, ku bar shi.